Ruwan Lagireto da Motocin Zamani: Abin da Na Gani a Iyakar Jibiya

A watan Afrilu na shekarar 2024, 'yan makonni bayan an sake buɗe iyakar Nijeriya da Nijar, tafiya ta kama ni zuwa Maraɗi. Muka baro Katsina da hantsi, muka iso Magamar Jibiya rana ta take, muka shiga layin motoci muna jiran a duba takardu kafin mu ƙetara zuwa Ɗan Isa. Duk wanda ya san bazarar wannan yanki ya san irin zafin da nake nufi, domin ma'auni yakan haura digiri 40 ko a inuwa. A gabanmu akwai wata ƙaramar mota ƙirar Turai, 'yar Kwatano, sumul da ita, injinta yana aiki, na'urar sanyaya cikinta kuma a kunne. Ba a jima ba sai tururi ya turnuƙe gabanta. Mai motar ya fito, ya jira ta ɗan huce, ya sayi ruwan leda wajen wani yaro, ya shiga ɗurawa.

Na matsa kusa na ce, "Sannu, Alhaji. Wane irin ruwa ne dama a cikin lagireton?"

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam, ruwa ai ruwa ne. Wancan mai launin na ƙasashen ƙanƙara ne. Mu nan ba mu da wata ƙanƙara sai garin Ƙanƙara."

Amsar ta ba ni dariya, amma ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, domin ita ce fahimtar mafi yawan direbobinmu da kanikawanmu, kuma tana da ɗan ƙamshin gaskiya. Lalle ko a tsakiyar hunturu ruwa ba ya daskarewa a Jibiya. Sai dai hana daskarewa aiki ɗaya ne kurum daga cikin ayyukan wannan ruwa mai launi da ake kira kulan, kuma shi ne aikin da ya fi ƙarancin muhimmanci a gare mu. Ni ba injiniya ba ne, fannina nazarin halittu masu rai ne, don haka mai karatu zai yi mini uzuri in na dubi inji kamar yadda na saba duban jiki.

Inji ma yana da jini

Idan inji ya ƙona lita uku na mai, ƙarfin kimanin lita ɗaya ne kaɗai yake juya taya. Kimanin ɗaya yana fita ta salansa a matsayin hayaƙi mai zafi, ragowar ɗayan kuwa zafi ne da yake shiga jikin ƙarfen injin, wanda dole a kwashe shi, in ba haka ba ƙarfen ya kumbura, kan injin ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Ruwa ne yake wannan kwasa. Famfon ruwa yana tura shi kamar yadda zuciya take tura jini, ya ratsa ramukan da ke kewaye da silinda, ya ɗebo zafi ya kai lagireto, inda iska take hure shi. Akwai kuma wani ɗan bawul da ake kira tamostat, wanda yake tsare ruwan a cikin injin har sai ya yi zafin da ake bukata, kana ya buɗe masa hanya, tamkar sashen nan na ƙwaƙwalwa da yake riƙe zafin jikinmu a digiri 37.

Akwai dai bambanci guda. Mu 'yan Adam da gumi muke sanyaya jiki, watau muna asarar ruwa domin mu huce, kamar yadda randa take tsattsafowa ruwan cikinta ya yi sanyi. Mota ba ta gumi. Tsarinta ya fi kama da na kunnen giwa: jini ya zo cikin siraran jijiyoyi, iska ta ɗauke zafin, jinin ya koma ba tare da an rasa ko ɗigo ba. Ma'anar wannan ita ce, ruwan da aka zuba yau shi ne zai yi ta zagayawa shekara da shekaru yana gogar ƙarfe cikin zafi. Kuma motar da ake ƙara wa ruwa kowace safiya ba ƙishirwa take ji ba, yoyo take yi.

Abin da ya canza

Tsofaffin motocin da iyayenmu suka sani, irin su Fijo 404 da 504, injinsu yana da faffaɗan ramukan ruwa, lagiretonsu na jan ƙarfe da tagulla ne, suna da haƙurin jaki. Amma tun daga shekarar 1992, sa'ad da ƙasashen Turai suka kafa mataki na farko na dokar rage hayaƙi da ake kira Euro 1, aka yi ta tsaurara dokar, aka zo Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2009, Euro 6 a 2014. Waɗannan motoci su ne suke gangarowa gare mu bayan an more su a can. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. A 2020 ɗin ne kuma ƙungiyar ECOWAS ta amince cewa motocin da za a riƙa shigowa da su yankin su kai aƙalla matakin Euro 4. Ke nan ko mun so ko mun ƙi, injin da ke layin Magama yau ba irin na jiya ba ne.

Da gangan aka ƙera injin zamani ya yi aiki cikin zafi, galibi tsakanin digiri 90 zuwa 105, domin a wannan zafi ne mai yake ƙonewa sosai, hayaƙi ya ragu. Wannan yakan tuna mini da raƙumi. Masanin nan Knut Schmidt-Nielsen ya gano a hamadar Aljeriya cikin shekarun 1950 cewa raƙumin da ke jin ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da rana. Yana cin ribar hakan, amma tazarar da ta rage tsakaninsa da halaka 'yar kaɗan ce. Haka injin zamani yake zaune a bakin gaɓa.

Bugu da ƙari, an ɗora wa ruwan wasu sababbin ayyuka. A yawancin motocin dizal na yanzu akwai na'urar da ake kira EGR, wadda take mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji domin a rage zafin ƙuna, saboda tsananin zafi ne yake haɗa iskar naitirojin da oksijin su zama gubar da ke cutar da huhu. Kafin hayaƙin ya koma, sai an sanyaya shi daga ɗaruruwan digiri, ta cikin wasu siraran bututu da ruwan lagireto ke kewaye da su. Haka kuma ruwan yana sanyaya tabo, watau na'urar da ke cusa wa inji iska, yana sanyaya baƙin mai, a wasu motocin har da man giya. Kuma mafi yawan sassan nan na alminiyam ne da roba mai tauri, ramukansu ƙanana ƙwarai.

Sai a ɗauki irin wannan inji a ajiye shi a layin iyaka. Mota tana tsaye, babu iskar gudu da za ta bugi lagireto, famfon ruwa yana juyawa a hankali, na'urar sanyaya ciki tana zubar da nata zafin a gaban lagireton, ƙurar hanya kuma ta riga ta cushe haƙarƙarinsa. Sa'a guda a tsaye a Magama cikin Afrilu takan fi wahalar da tsarin sanyaya inji fiye da gudun Katsina zuwa Maraɗi gaba ɗaya.

Me ke cikin galan ɗin?

Abubuwa uku ne. Na farko ruwa ne tatacce, kuma shi ne gwanin ɗaukar zafi; a nan Alhaji yana da gaskiya, domin zallan ruwa ya fi kulan iya kwasar zafi. Na biyu wani sinadari ne mai yauƙi da ake kira etilin gilaikol. Idan aka gauraya shi rabi da rabi da ruwa, haɗin ba ya daskarewa sai a digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma ba ya tafasa sai wajen digiri 107. Murfin lagireto, wanda yake matse ruwan kamar tukunyar da aka toshe, yana ƙara ɗaga wannan zuwa kusan digiri 129 idan matsinsa ya kai bar ɗaya, alhali zallan ruwa a ƙarƙashin murfi iri ɗaya wajen 120 yake tafasa. Wannan 'yar tazara ce take hana kumfar tururi tasowa a wurare masu tsananin zafi kamar bututun EGR, kuma inda tururi ya taru, ƙarfe ba ya samun mai sanyaya shi, sai ya tsage.

Na uku shi ne mafi ƙanƙanta, bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba, amma a kansa duk zancen zaɓi ya rataya: sinadaran hana tsatsa. Inji taron ƙarafa ne mabambanta, baƙin ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe, kuma duk ɗalibin kimiyya ya san cewa ƙarafa biyu mabambanta a cikin ruwa mai gishiri batir ne. Ɗayansu zai riƙa narkewa, kuma galibi alminiyam ne yake biyan wannan bashi.

Masu ƙera motoci ba su haɗu a kan magani ɗaya ba. Tsohon salo, wanda ake rubuta wa IAT, yana amfani da silikat da fosfat, waɗanda suke shafe jikin ƙarfe gaba ɗaya kamar fenti. Suna aiki da sauri amma suna ƙarewa da wuri, shi ya sa ake canza shi duk bayan kimanin shekara biyu. A tsakiyar shekarun 1990 aka fito da salon OAT, wanda kamfanin General Motors ya yaɗa da sunan Dex-Cool, mai amfani da wasu sinadarai masu tsami da ke kamawa a daidai inda tsatsa ta soma kurum. Wannan ya fi kama da yadda jini yake daskarewa a bakin rauni kaɗai, don haka yakan kai shekara biyar. Daga baya aka haɗa salon biyu, ana rubuta HOAT, kuma a nan ne Turai da Asiya suka raba hanya. Turawa sun guji fosfat, domin ruwan yankunansu da yawa yana da farar ƙasa, kuma fosfat yana haɗuwa da ita ya zama ɓawo, sai suka riƙe silikat kaɗan. Irinsa ne G12++ da G13 na Volkswagen. Japanawa da Koriyawa kuwa suka guji silikat, saboda a ganinsu yana cinye robar famfon ruwa, suka riƙe fosfat. Irinsa ne Super Long Life na Toyota, wanda littafin motocin kamfanin na Amurka ya ce zubin farko yana kai kilomita 160,000 ko shekara goma.

To, a kasuwa da launi ake ciniki: "Ba ni ja," ko "Ba ni kore." Wannan kuskure ne babba, domin launin rini ne kawai, kuma babu wata doka ta duniya da ta ɗaure wani launi da wani sinadari. Ruwan hodan Toyota yana da fosfat, akwai kuma ruwan hodan Volkswagen da ba shi da shi. Akwai kore na tsohon salo, akwai kore na sabo. Abin dubawa shi ne rubutun da ke jikin galan, a gwada shi da abin da littafin mota ya faɗa, ko abin da aka buga a jikin 'yar robar ajiyar ruwa. Wanda ya sayi mota ba littafi, kamar yawancinmu, zai iya samun bayanin a intanet da sunan motar da shekararta. Lambar ASTM D3306 a jikin galan tana nuna an yi shi bisa mizanin ƙananan motoci, ASTM D6210 kuma na manya ne, amma waɗannan mafi ƙarancin sharaɗi ne. Amincewar kamfanin da ya ƙera motar ta fi su ƙarfi. Galan ɗin da ba a rubuta masa komai ba sai hoton dusar ƙanƙara, ni kam ina ɗaukarsa ruwan rini ne har sai an tabbatar mini da akasin haka.

Gauraya iri biyu ba kullum take kashe inji nan take ba, kamar yadda wasu ke tsoratarwa. Abin da ya fi faruwa shi ne kariyar ta raunana, mai shekara biyar ya koma mai shekara biyu, wani lokaci kuma a sami laka mai kauri da ke toshe ramuka. Idan ba a san abin da ke cikin mota ba, mafi aminci a zubar da shi duka, a wanke da tataccen ruwa, a zuba wanda ya dace, a rubuta ranar.

Tirelolin da ke ɗauko kaya ta wannan iyaka suna da tasu matsalar daban. A manyan injinan dizal da yawa, hannun rigar silinda yana taɓa ruwa kai tsaye, kuma duk bugun fistin yana girgiza shi. Girgizar tana haifar da ƙananan kumfa da suke fashewa a jikin ƙarfen da ƙarfin gaske, har su huda shi kamar gara ta ci itace, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Wasu nau'o'in kulan na manyan motoci suna ɗauke da sinadarin naitirait domin wannan, wasu kamfanonin kuma sun hana shi a injinansu, suna da nasu haɗin. Ke nan abin da ya dace da Corolla ba lalle ne ya dace da DAF ba. A kuma kiyaye da AdBlue, ruwan takin yuriya da sababbin tireloli ke fesawa cikin salansa. Tankinsa daban ne, ba ya shiga lagireto.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ake ta mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG. Kaɗan ne suka san cewa iskar tana fitowa daga tukunyarta da matsi na kusan bar 200, kuma sa'ad da aka sassauta matsin sai ta yi sanyi ƙwarai, don haka ake jan ruwan lagireto zuwa na'urar rage matsin domin ya ɗumama ta. Idan ɓawo ya toshe wannan ɗan tiyo, motar za ta riƙa shaƙewa, a yi ta zargin gas. Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin su Prius suna da zagayen ruwa na biyu domin na'urorin lantarkinsu, masu lantarki zalla kuma wasunsu suna bukatar kulan na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa sosai. Waɗannan ba wurin gwaji ba ne.

Ruwan rijiya da cire tamostat

Wanda yake son ya ga abin da ruwan rijiya ko na burtsatse yake yi wa inji, ya leƙa cikin butar dafa shayin gidansa. Farin ɓawon nan da ya manne a gindinta gishirin kalsiyam ne da magniziyam, waɗanda zafi yake fitarwa daga ruwa. A cikin inji a wuri mafi zafi yake fara kwanciya, ya zama bargo tsakanin ƙarfe da ruwa. Gishirin kuloraid kuma yana huda alminiyam. Ruwan leda don sha aka yi shi, akwai ma'adinai a cikinsa. Ya fi na kududdufi, zai kuma fitar da mutum daga daji, abin da ba ƙarami ba ne a hanyar da ta sha fama da matsalar tsaro, amma a canza shi da an isa gari. Abin da ya dace shi ne tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Kulan da aka rubuta wa 50/50 an riga an haɗa shi, ba a ƙara masa ruwa. Mai kauri kuwa sai an sirka shi, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ƙasa da kashi ɗaya bisa uku maganin tsatsar ba ya isa, zuba shi zalla kuma ƙara wa inji zafi yake yi, domin gilaikol bai kai ruwa ɗaukar zafi ba.

Akwai kuma al'adar nan ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta iso, wai don ƙasarmu da zafi. Tamostat lafiyayye a buɗe yake idan inji ya yi zafi, don haka cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safiyar hunturu. Kwamfutar mota tana karanta zafin ruwan, in ta ga da sanyi sai ta riƙa ƙara mai, mai ya tafi a banza, ragowarsa ya je ya lalata matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. An sayi mota mai ƙarancin hayaƙi ke nan an mayar da ita mai yawan hayaƙi, ana kuma biyan kuɗin man.

Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki ya haura digiri 100, matsi ne kaɗai ya hana shi tafasa, da an saki murfin zai fashe ya zama tururi a fuskar mai buɗewa.

Guba mai zaƙi

A nan na dawo gonata. Etilin gilaikol yana da ɗanɗanon zaƙi, ga launi kamar lemon kwalba, kuma kimanin mililita 100 na zallansa, watau bai cika kofin shayi ba, yana iya kashe babban mutum. Yaro kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi. Abin mamaki, hantar mutum ce take mayar da shi mugun abu. Wani sinadarin hanta, wanda aikinsa narkar da barasa ne, yana sarrafa shi mataki-mataki zuwa wasu asid da ke tsamar da jini, a ƙarshe ya zama asid ɗin ogzalik, wanda yake kama kalsiyam ya zama tsakuwoyi masu kaifi a cikin siraran bututun ƙoda. Mun san zafin danginsa a ƙasar nan: ɗan'uwansa dayetilin gilaikol ne ya gurɓata maganin haƙoran yara na My Pikin, yara aƙalla 84 suka rasu tsakanin 2008 da 2009, kuma su biyun aka samu a magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022.

A tashar mota da garejin kanikawa ana kwance tiyo a bar tsohon kulan ya malale a ƙasa, inda awaki da karnuka da kaji ke yawo, yara kuma suna talla. Wasu kamfanoni suna sa masa sinadari mai ɗaci, amma ba duka ba. A tare shi a mazubi, a rufe, kada a zuba kusa da rijiya ko magudanar da ke gangarawa kogin Gada, wanda madatsar ruwan Jibiya take kansa. Kada a adana shi a gorar ruwan sha, kada kuma a mayar da galan ɗinsa abin ɗebo ruwa.

Wanda ya sha yakan fara da tangaɗi kamar mashayi, da amai, cikin 'yan sa'o'i. Daga nan yakan yi kamar ya sami sauƙi, kuma a wannan lokacin ne iyali kan sakankance, alhali ƙodar ce take mutuwa, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ɗauke. Akwai maganin da ke tare wancan sinadarin hanta kafin ya gama aikinsa, akwai kuma wankin ƙoda, amma amfaninsu ya fi yawa a sa'o'in farko. A kai shi asibiti nan take ko da yana cewa lafiyarsa lau, a kuma tafi da galan ɗin domin likita ya karanta abin da ke jikinsa.